Inno Ta Zaɓi Ɗaki a Gidan da Za Mu Ƙona

Assalamu alaikum Gwaggo Tsohuwa. Don girman Allah ki agaza mini da shawara kafin Asabar ta sama, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Kuma ina roƙon ki, ki daure ki kai ƙarshen wasiƙar nan kafin ki yi dariya, don mutum biyun da na fara ba labarin, tun ban kai rabi ba suka riƙe ciki.

Ni kafinta ne a Funtua, shekarata ashirin da tara, gado da kujeru nake yi. Ina da abokai uku da muka taso tare tun ƙarshen firamare. Akwai Abdulwaheed, iyayensa Yarabawa ne 'yan kasuwa amma a nan aka yanke masa cibiya, ya fi ni iya karin magana. Akwai Uche mai gyaran waya, shi ke da kyamara. Sai Zaharaddeen, malamin makaranta, dogo kamar falwaya, ko kaza ba ya iya yankawa. Mu huɗun nan mun lalace a kallon finafinan jaruman nan masu tashi sama suna ɗaga mota da hannu ɗaya. Da kakar da ta wuce Abdulwaheed ya ce me zai hana mu yi namu, don sha'awa kawai, mu sa a intanet 'yan gari su gani. Muka ce bismillah.

Sunan jarumin namu Tsawar Rani. Attajirin dillalin hatsi ne, amma da ya ji an taɓa manomi sai ya sa rigar yaƙi ya yi sama. Zaharaddeen muka ba matsayin jarumin, rigar kuwa da buhun taki da tsohon tib ɗin tayar keke napep aka ɗinka ta. Mugun da ke cikin labarin mai ɓoye taki ne, kuma a ƙarshe shi zai cinna wa gidan jarumi wuta, jarumi ya fito ta cikin hayaƙi. To Gwaggo, wane Alhaji ne zai ba mu aron bene mu ɗauki hoto, balle mu ƙona? Shi ne Uche ya ce in gina ƙarami, idan ya kwantar da kyamara a ƙasa ba mai gane ba na gaske ba ne. Na ce wannan ai aikina ne, na kuma yi musu alkawari da bakina: zan gina, za mu ƙona.

Wata biyar ke nan ina kansa. Faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki, tsawonsa ya kawo mini ƙugu, hawa uku. Kowane inci ɗaya yana tsaye ne a madadin ƙafa ɗaya ta ginin gaske, har ƙofar banɗaki sai da na auna. Ginshiƙan da totuwar karan dawa na yi su, rufin da gwangwanin madara da na yanka na buge, tagogin da fasassun gilasan waya na shagon Uche, ciyawar da garin katako da na rina kore. Matakalar bene arba'in da huɗu ce, da tsinken ashana, ɗaya bayan ɗaya, har idona ya fara ganin mutum biyu-biyu. Ba yabon kai ba, wallahi gidan ya yi kyau. Shagona ya yi ƙunci, don haka a tsakar gidanmu nake aikin, ƙarƙashin rumfa, daga la'asar zuwa magariba.

Nan ne maganar take. A gidan nan mu uku ne, ni da ƙanwata Maijidda da mahaifiyarmu, Inno. Babanmu Malam Buba ya rasu shekara huɗu ke nan, Allah ya jiƙansa. Ni ne ɗan fari, Inno kuwa Bafulatana ce ta wajen Musawa, irin waɗanda suka riƙe kunya da hannu biyu. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a wani ƙauye kusa da Malumfashi, sai da na shekara goma sha ɗaya na dawo. Idan na gaishe ta, bango take amsa wa. Idan na shigo tsakar gida, nan take wani aiki zai taso mata a ɗaki. Saƙo kuwa sai ta bakin Maijidda, wai a ce wa wancan abinci na nan. Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na gani, kuma na san tuwona ne ya fi na kowa man shanu. Amma hira dai, irin wadda nake gani Uche na yi da mamarsa har suna tafawa, ban san ɗanɗanonta ba.

Ran nan, a mako na uku da fara aikin, ina tsugune ina shafa gam, ta zo wucewa da tiren wake a hannu. Sai ta tsaya. Ba ni ta kalla ba, gidan ta kalla, ta ce: "Wannan wane irin gida ne ba zaure? Baƙo ya faɗo wa mata tsakar gida ke nan." Ta wuce abinta. Gwaggo, ban san lokacin da gam ya zube mini a wando ba. Washegari ko shago ban leƙa ba sai da na yi zaure.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Ta ga wurin ninƙaya da na yi da farantin silba, ta tambayi gidan ko wane marar hankali ne ke haƙa tafki a tsakar gida alhali za a yi jikoki. Na yi masa murfi. Ta ga filin saukar jirgi mai saukar ungulu a saman bene, ta ce wannan maginin ya yi dabara ɗaya dai, ga wurin shanya. Kashegari na tarar da barkono uku a kai, na gaske, suna shan rana. Ta ce gida ba rumbu gidan yunwa ne, na yi rumbu da laka har da hular ciyawa. Ta ce ina za a ɗaure awaki, na kafa turke. Yanzu da ta idar da sallar la'asar sai ta jawo kujerarta 'yar tsugune ta zauna gefen rumfa da tsintar wakenta, tana yi wa gidan magana, ni kuma ina amsawa da guduma da zarto. Wani lokaci in ce wa gidan ai katako bai isa ba, ita kuma ta ce wa gidan mai son abu ba ya rasa katako.

Ta wannan hanyar na ji abubuwan da ban taɓa sani ba. Na ji yadda gidan mahaifinta yake, da shekarar da ruwa ya cinye musu ɗaki biyu, da yadda aka kawo ta Funtua a bayan motar auduga tana amarya. Wata rana tana duban rumbun nan ta ce ta san wata mata da aka ɗauke wa yaro ranar yaye, ba ta ce uffan ba a gaban mutane, amma a bayan rumbu ta yini. Na juya baya kamar ina neman ƙusa, don wallahi kuka nake yi.

Watan jiya ta zaɓi ɗakinta. A ƙasa, saboda gwiwa, mai taga ta gabas, kusa da turke. Ta yanki bakin tsohuwar atamfarta ta ɗinka masa labule, bai kai tafin hannu ba, ta ajiye a kan rufin ta tafi. Ni na rataya shi.

Da Abdulwaheed ya zo duba aiki, ɗora hannu ya yi a ka yana salati. Wai tun da aka fara fim a duniya wa ya taɓa ganin jarumi mai rumbu, ga kuma turken awaki a ƙarƙashin filin jirgi? Na ce ai kai ka rubuta dillalin hatsi ne. Uche ya kwanta a ƙasa da kyamara ya leƙa, ya tashi ya ce kada a taɓa ko tsinke, abin da zai bambanta namu da na kowa ke nan. Yanzu su ukun sun fi ni son gidan, har ɗoki suke su ga yadda rumbun zai ci wuta.

Ga laifina, ba zan ɓoye miki ba. Ban taɓa gaya wa Inno ƙona shi za a yi ba. Ba ta tambaya ba, ni kuma kullum sai in ce gobe. Su ma abokaina ban gaya musu abin da gidan ya zama ba, kunya nake ji, ƙato da ni. Na dai ɗan gutsura wa Abdulwaheed cewa tsohuwa ta saba da shi, sai ya ce mu ɗauke shi a kan za a kai nuni, daga baya in ce ya faɗo daga keke ya wargaje. Maijidda kuma ta ce in na kuskura, ba ni ba ita, wai a wurin Inno ƙona siffar gida jawo wa kai masifa ne, balle gidan da ta sa wa labule.

Abokan nawa ma fa suna da gaskiya. Zaharaddeen ya yi wata uku yana dahuwa cikin buhun taki a zafin nan na bazara, ya diro daga katanga har ya gurɗe ƙafa, ɗalibansa na kiransa Malam Tsawa a bayan idonsa. Uche ya sami shago a Anacha, ya ɗage tafiyarsa wata guda cur saboda wannan wutar, kuma Litinin bayan Asabar ɗin zai tafi da kyamararsa. Ya gwada sa wutar kwamfuta, ta fito kamar ana kaɗa jan zani. Kawun Zaharaddeen ya ba mu gonarsa a hanyar Malumfashi tunda lokacin sharar gona ne, amma ya ce da ruwan farko ya sauka shuka zai yi. Kwana tara suka rage.

Gwaggo, in na ƙona gidan nan, tsoro nake Inno ta koma amsa wa bango, kuma ban san ko zan iya komawa waccan rayuwar ba bayan na ɗanɗani wannan. In na hana, na ci amanar mutum uku da ba su taɓa cin tawa ba. Ko abinci ba na jin daɗinsa. Ki gaya mini abin yi, ko zagi ne zan karɓa.

Naki,
Kafinta Mai Gidan Kara, Funtua

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana Kafinta. Na saɓa maka tun a barkonon nan uku, na yi dariya har da hawaye. Amma da na kai bayan rumbu sai da na ajiye takardar. Ni ma ina da ɗan fari, yau har ya fara furfura, kuma ban taɓa kiran sunansa ba. Idan ina da magana da shi, 'yarsa nake yi wa faɗa yana zaune. Don haka ka kawo ƙara inda aka san shari'ar.

Bari in fara da jan kunnen da ka ce za ka karɓa. Wata biyar kana riƙe da magana biyu a baki, ba ka ba uwa tata ba, ba ka ba abokai tasu ba, yanzu kana neman Gwaggo ta kwance cikin kwana tara. Shirun nan naka shi ya ƙulla abin. Shawarar faɗowa daga keke kuwa, ka mayar wa Abdulwaheed kayarsa. Matar da ta hango gida ba zaure tana tafe da tire a hannu, ita za ka yi wa ƙaryar keke? Za ta gane, ba za ta ce komai ba, kuma shirun da zai biyo baya ya fi wanda kake tsoro nauyi.

Abokanka suna da haƙƙi, kada ka raina shi. Alkawari kaya ne, kai ka ɗauka da bakinka. Mutum ya gurɗe ƙafa, wani ya ɗage neman abincinsa wata guda, bai kamata ka zo musu da na fasa kawai ba. Sai dai ka duba da kyau abin da ka yi musu alkawari. Wuta suke so a gaban kyamara, kuma kyamara fuska ɗaya take gani. Ina ruwan wuta da matakala arba'in da huɗu?

Ga abin da za ka yi. Yau ɗin nan ka tara su ukun ka gaya musu gaskiya duka, har da kukan, ba wanda zai mutu. Su ma 'ya'yan mata ne, kuma a Funtua suka taso, sun san kunyar ɗan fari ko da ba a yin ta a gidajensu. Sannan ka gina wa gidan fuska ta biyu: gaba da gefe ɗaya, da rumbu, da kwali da kara, ciki fayau. Awon yana hannunka, hannunka kuma ya riga ya saba, abin da ya ci maka wata biyar yanzu kwana biyar zai ci in an sa hannu huɗu. Ka ba Malam Tsawa yankan kwali tunda ƙafa ce ta gurɗe ba hannu ba. Uche ya ɗauki duk hotunan kyau a kan na ainihin, nan tsakar gida, ya kai na kwalin gona a cinna masa wuta daga ɗan nesa, hayaƙi zai rufa muku asiri. In kuma kun yi iya yinku ya ƙi fitowa, to ku sake ƙarshen labarin, jarumi ya iso kafin a kyasta ashana. Fim yana iya rasa wuta ya rayu. Abokin da ya ji labarin bayan rumbu ya ce duk da haka sai an ƙona, wannan ka sake duba abotarku, amma ban zaci za ka sami irinsa a cikin ukun nan ba.

Tunda maganar wuta ake, ku kai ruwa a jarkoki, ku duba inda iska ta nufa, ku nisanci karan maƙwabta. Kuma don Allah kada rigar buhun taki ta matso kusa da wutar, narkewa take yi ta manne a fata. A ɗauki fitowar jarumi daban, da hayaƙin ɗanyen ganye.

Saura Inno. Batun jawo masifa, canfi ne, ba abin da ke samun bawa sai da izinin Allah, kuma ba na so ka tsaya gardama da ita a kai. Ba canfin ne abin dubawa ba, zuciyarta ce. Ka gaya mata gaskiya kafin ta gani a wayar maƙwabta, amma ka bi ta hanyar da ita ta shata. Kada ka je ɗakinta ka durƙusa kana zuba bayani, za ka kore ta ne. Ka bari ta zauna da wakenta, ka dubi gidan ka gaya masa cewa tun farko don ƙonawa aka gina shi, mai ginin ya ji nauyin faɗa, amma yanzu an fasa tunda ya yi mai ɗaki, wani na kwali za a ƙona a madadinsa. Kada ka ɗaga ido ka dube ta. Duk abin da ta ce wa gidan, ko da faɗa ne, ka karɓa, ka ci gaba da aikinka. Kada kuma ka yi mata godiya a kan hirar nan, ko ka nuna ka gane wace ce matar bayan rumbu. Ta san ka gane. Kunyar nan suturarta ce, ta sami hanyar miƙo maka hannu ba tare da ta tuɓe ta ba, kai kuma kada ka fizge.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne wanda ba ka tambaya ba. Kai wuta kake tsoro, ni kuwa gamawa nake jiye maka. Ranar da gidan nan ya kammala tsaf, aka ɗora shi a kan kabad aka lulluɓe da leda, Inno ba ta da sauran abin gyarawa, kujera 'yar tsugune kuma za ta koma ɗaki. Saboda haka kada ka gama shi. Bayan Uche ya tafi, ka ce wa gidan yana buƙatar madafi, ka kafa ƙofarsa daidai inda hayaƙi zai cika ɗakin gabas, ka zauna da gudumarka ka jira la'asar. In ta gyara wannan, ka haƙa rijiya kusa da masai. Kafinta irinka ba zai rasa kuskuren shekara ashirin ba.

Allah ya ba fim ɗinku sa'a, ya kai Uche lafiya, ya warkar da ƙafar jarumi. Allah ya jiƙan Malam Buba. Inno kuma Allah ya ja kwananta, ya ƙara wa idonta kaifi, ta daɗe tana samun aibi a aikinka.

Taka,
Gwaggo Tsohuwa